Bututun Tobashina

Shekarar da aka fara jin tashin bama-bamai a birni, mu a Masanawa ba mu ga komai da idonmu ba, amma tsoro ya shigo gari, ya tarar da tsadar hatsi da rashin taki. Maigidana ne shugaban 'yan sintirin unguwarmu a lokacin, saboda tsayinsa da muryarsa.

Sai gwamnati ta aiko musu da tallafin tsaro ta ƙaramar hukumarmu ta Kabo. Wani ɗan sanda ya zo zaurenmu ya yi musu bayani, ni kuwa ina bayan katanga ina tankaɗe, kuma kunnena ba ya barin magana ta wuce. Ya ce a sayi tocila da usur da rigar ruwa, a yi abin da zai hana babur kutsawa cikin kasuwa ranar cinta. Ban da makami kowane iri, domin a kwanakin nan wanda aka samu da bindiga ba a tsayawa tambayarsa, birni ake wucewa da shi. Ya ce zai dawo ya ga abin da aka yi.

Yana fita magana ta juya. Wani ya ce, "Usur kuma? Mu alƙalan ƙwallo ne?" Aka yi dariya. Kafin la'asar sun gama shawara: maƙerin Lakwaya zai ƙera musu bindigogin toka, a ɓoye a rumbunmu.

Da ya shigo na ce, "Malam, in aka tafi da kai, wa zai bi sawunka?"

Ya ce, "Ke dai ki kula da tuwonki."

Abin da ya manta, maƙerin nan ɗan gwaggona ne, tobashina. A wajenmu abin da tobashi ya ɗora wa hannu a gidan ɗan'uwansa ya ɗauku, ba a ƙwacewa, ba a fushi, sai dai a rama da baki. Ni ba mai fita ba ce, tun kafin a kafa shari'a ma haka nake, amma an yi haihuwa a gidan maƙerin. Ranar suna na zura hijabi, kafin in shiga wajen mata na ratse maƙera.

Yana ganina ya ce, "Kifin rijiya ya fito. Yau wa ya kore ki?"

Na ce, "Bawana na zo dubawa."

Ga bututun ƙarfen da za a ƙera bindigogin da su a jere a ƙasa, ba a taɓa su ba tukuna. Na gwada ɗagawa, nauyi ya hana. Sai na zauna a kansu na ce, "Na ɗauka."

"Ba nawa ba ne, na mijinki ne."

"A maƙerarka na gan su."

Dattawan da ke jiran gyaran garma suka ce ai kuwa ta ɗauka. Ya ce, "To me za ki yi da su, ki hura wuta?" Na ce ya haɗa su ya yi mini shingen da ake ɗagawa a bakin kasuwa. Ya rage murya ya ce, "Wallahi tun da na karɓi aikin nan abinci bai yi mini daɗi ba."

Ya kuwa ƙera shingen, aka kafa shi. Maigida ya ɗauke mini magana, 'yan sintiri kuma suka sa shi gaba da tsiya, wai shugaban da mace ta kwance wa ɗamara. Na haƙura, ina kai masa abinci ina dawowa.

Ranar kasuwa ɗan sandan ya dawo, da wani babba tare da shi. Aka aiko kiran maigida. Na rasa abin yi, na wanke tukunyar da na riga na wanke. Bayan azahar na ji takunsa a zaure, shi kaɗai. Na zauna a kan turmi.

Ya nemi ruwa, ya sha, ya ce babban ya ɗaga shingen ya sauke, har ya ce a yi irinsa a kasuwar Dugabau.

Na ce, "Ya tambayi dabarar wa ce?"

"Na ce shawararmu ce." Ya miƙo mini moɗar, bai dube ni ba. "Ki gaya wa tobashin naki shingen nan ya yi nauyi da yawa, sai mutum biyu suke ɗaga shi."