Wayoyi Biyu da Ba a Cire Ba

Akawun waya ɗaya gare mu a gidanmu, kamar yadda muke da randa ɗaya. Yayana ne ya buɗe shi a wurin wani mai gyaran waya da ke bakin tasha a Kaura, kuma tun daga ranar duk wanda ya sayi waya a dangi sai ya miƙa wa Yaya ya sa masa shi. Ni, Inna, matarsa, ƙanwarmu da ke aure a Zurmi, har da kawunmu. Babu wanda ya taɓa tunanin buɗe nasa. Don me? Ga na Yaya nan, shi ya san lambobin sirrin, shi ke gyara komai in ya rikice.

Hatsi yake saye a Shinkafi yana kawowa Kaura. A ƙauyenmu babu wuta, don haka duk mai zuwa kasuwa sai an tara masa wayoyi ya kai caji. Ranar da aka tare motarsu a hanya, wayar Inna tana aljihunsa tare da tasa. Iri ɗaya ne, rana ɗaya ya saye su. An saki wasu daga cikin mutanen motar, an tsinci gawar wasu. Shi kam ba a sake shi ba, ba a ga gawarsa ba, babu kuma wanda ya kira mu ya ce ku kawo wani abu. Shiru kawai.

Na ɗauko Inna na dawo da ita wurina a Kaura, inda nake koyarwa. Ba ta yi kuka da yawa ba, sai dai ta daina addu'ar safe da murya. Tun da daɗewa idonta ya yi rauni, shi ya sa Yaya ya karanta mata addu'o'in a wata manhajar ɗaukar murya, kullum tana kunnawa tana bin sa. Har da tarinsa a ciki, da carar zakara, da inda ya tsaya a tsakiya ya ce mata kada ta yi gyangyaɗi. Muryar tana ajiye a cikin akawun ɗin. Da damina ta biyu ta wuce sai na saya mata sabuwar waya, na ce ko wannan ce kaɗai ta rage mana daga gare shi, ta samu ta riƙe a hannunta.

Na sa akawun da lambobin sirrin da Yaya ya taɓa rubuta mini, na shiga inda ake sauke manhajoji, na danna. Abin ya yi ta juyawa, sai ya fito da rubutu wai ba za a iya saukewa ba. Na ce sabis ne, na fita tsakar gida ina ɗaga wayar sama kamar mai bai wa tsuntsu hatsi. Na sayi data, na kashe na kunna, na goge abin da ban ma san mene ne ba. Ina! Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin fushi, saura kaɗan in buga ta da ƙasa.

Da safe na kai ta bakin tasha. Mai gyaran ya tsufa, bai gane ni ba. Ya duba, ya ce ai wannan ba ciwo ba ne, akawun ɗin ne ya cika. Akwai adadin wayoyin da aka yarda a ɗora a kai, mu kuma mun kai ƙarshe. Sai an cire ɗaya sannan sabuwa ta shiga. Ya buɗe ya nuna mini su a jere, kowace da ranar da aka yi amfani da ita ta ƙarshe. Ni na san wurin, na daɗe ina leƙa shi a ɓoye daga tawa wayar. Can ƙasa ga guda biyu masu suna ɗaya, da rana ɗaya: ta Yaya da ta Inna.

Ya ce waɗannan ai sun mutu, bari ya cire ɗaya. Har ya kai yatsa. Ban san lokacin da na fizge wayar daga hannunsa ba, na balbale shi da faɗa a gaban mutane, na ce wa ya aike shi. Bawan Allah ya yi tsuru-tsuru. Da na huce na gaya masa dalili, sai ya sunkuyar da kai ya ce, a hankali, masu ƙwace waya goge ta suke yi su sayar, kuma wadda aka goge ba za ta sake nunawa a nan ba har abada. Na ce na sani. Wallahi na sani. Amma in aka cire ta, ko da wata rana an kunna ta, mu ba za mu gani ba.

Na koma na kira 'yan gidanmu ko wani cikinsu zai yarda a cire wayar da ke hannunsa. Ƙanwarmu ta Zurmi ta ce lambobinta duk suna ciki, daga baya ta fashe da kuka ta ce ita ma tana leƙawa. Matar Yaya, da ta koma gidan iyayenta a Shinkafi, ta ce in na cire ta kamar na ce mata aurenta ya ƙare ne. Kawu kuwa ya ce mu ji tsoron Allah mu yi wa yaron nan sallar jana'iza mu huta, mu bar bautar waya. Na kashe kiran yana tsakiyar magana, ban kuma ba shi haƙuri ba har yau.

Na gaya wa Inna yadda ake ciki. Ta ce, "In sai an rufe mishi ƙofa za ni ji muryatai, a bar ta. Ban so."

Sai na cire tawa. Lambobina da hotunan ɗalibaina suka tafi da ita, ban damu ba. Manhajar ta sauka ba gardama, kamar ba ita ce ta wahalar da ni ba. Na kunna. Yaya ya yi tari, zakara ya yi cara, ya fara karatu. Inna ta saurara har inda ya ce kada ta yi gyangyaɗi, sai ta ce in kashe. Ba ta sake cewa a kunna ba.

Abin da ta koya shi ne wancan wurin da wayoyin ke jere. Ta sa na nuna mata inda ake dannawa har ta haddace da yatsa. Ita da ba ta karanta boko, ta riƙe siffar ranar nan sarai, ta san in ta canza za ta gane. Da a gidan nan ni kaɗai ke ɗauke da wannan duban, yanzu da hannuna na ɗora mata. Kullum bayan ta karya kumallo sai ta zauna a kan tabarma, ta kai wayar dab da idonta, ta daɗe, ta ajiye.

Wata rana ina shirin fita makaranta ta kira ni, ta tambaye ni a cikin biyun nan wace ce tata, wace ce tasa. Na ce mata ban sani ba, babu yadda za a gane.

Ta gyaɗa kai, ta shafa gilashin da gefen zanenta.

"To, ba komi," in ji ta. "Ni da shi ne. Ga mu nan, duk mu biyun a kashe."

Na ɗauki jakata na fita, don na makara.