Shekarar da Muka Je Ɗauko Kaka

Mu Musulmi ne kaka da kakanni, amma a gidanmu na unguwar Ruwais a Jidda, da Kirsimeti ake lissafin shekara. Dalili kuwa, Umma tana yi wa wani hawaja, wato baƙon attajiri, Kirista ɗan Labanan, da matarsa girki a unguwar Bagdadiyya. Duk shekara in sanyi ya shigo, sai madam ta fito da wata 'yar bishiyar roba ta kafa a falo, ta rufe tagogi kada a hango daga titi, a yi mako ana toya kek, sannan su kulle gida su tafi Beirut wurin danginsu. Wannan shi ne kaɗai hutun Umma. Su suna hawa jirgin sama, mu muna hawa na ruwa zuwa Bur Sudan, wurin mahaifiyarta.

Abba bai taɓa bin mu ba. Ɗaukar buhuna yake yi a tashar jiragen ruwa, su kuwa jirage ba su san hutu ba. Yakan raka mu har bakin tsanin jirgi, ya ɗora wa Umma ƙunshin dabino da galan na zamzam a kai, ya ce, "Yalla, ku gaishe da Inna," ya juya wurin aikinsa.

Gidan namu na katako ne da kwano, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Da safe mai ruwa yakan zo da jakinsa yana jan tanki, in cika randa, in share gida, in soya gyaɗar da nake sayarwa a ƙofa da la'asar. A waje Larabci nake yi da ƙawayena, a ciki Hausa, don Umma ba ta amsa mini in na yi mata wani yare.

Kaka kuwa da ƙafa ta baro Haɗeja tare da mijinta tun tana amarya, da niyyar Hajji. Sun yi shekaru suna tsintar auduga a gonakin Sudan, suna matsawa gabas kaɗan-kaɗan, har suka iso bakin teku. Nan kakana ya kwanta ciwo ya rasu. Aka aurar da Umma ga Abba ta tsallako Jidda, ita kuwa Kaka ta zauna wurin Kawu, ƙanen Umma, ba ta da takardar komai. Duk zuwanmu tambayarta ɗaya ce.

"Bana da ni za ku koma?"

"Baɗi, Inna, in Allah ya yarda."

A farkon shekarun sittin, ina budurwa, baɗin ya zo. Hawaja ya yarda ya tsaya wa Kaka a matsayin kafili, wato mai ɗaukar nauyinta a gaban hukuma, aka yi ta zirga-zirga har takardu suka fito. Abba ya sayo gadon ƙarfe ya kafa a ɗakina. Ban taɓa ganin Umma da fara'a irin ta wannan tafiya ba. A cikin jirgi duk matar da ta zauna kusa da mu sai ta ji labari: za mu ɗauko Inna, za ta zauna da mu har lokacin Hajji.

Mun sauka ana yayyafi. Kawu ya tarye mu, ya karɓi kayan, amma gaisuwarsa a taƙaice. Sai da muka kama hanyar unguwar Hausawa ya ce, "Yaya, Inna fa ta canza."

"Ciwo ne?"

"Ba ciwo ba ne. Tana ci tana sha. Za ki dai gani."

Mun same ta zaune a kan angarib, gadon igiyar nan na Sudan, a rumfar tsakar gida. Ta rame, amma idonta garau. Umma ta durƙusa ta gaishe ta, ba ta ko jira an kawo ruwa ba ta ce, "Inna, halas, an gama. Bana da ke za mu koma."

Kaka ta yi murmushi, ta dafa kan Umma. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ai na riga na je."

Umma ta yi dariya, ta waiwayi Kawu. Shi bai yi ba.

"Kin je ina, Inna?"

"Gidanki mana. Gadon nan da mijinki ya sayo, ƙafarsa ɗaya ba ta taɓa ƙasa, a sa mata dutse." Ta juyo gare ni. "Ke kuma 'yar Jidda, kyanwar da ta haihu a bayan randa, kin bar mata ruwa kuwa?"

Kyanwar ana gobe za mu taso ta haihu, ni kaɗai na gani, na ɓoye don Abba ba ya son kyanwa a gida. Ko Umma ban gaya wa ba. Maganar gado kuwa gaskiya ce, ni na sha zama a kansa ina jin yana rawa.

Umma ta miƙe ta ce bari ta ɗora tukunya. Na bi ta madafa. Ta tsaya da ludayi a hannu, ta tambaye ni a hankali, "Akwai kyanwa?" Na ce akwai. Sai ta juya ta zuba daddawa a miya har ta yi yawa.

Matar Kawu ce ta ba mu sauran labarin. Ta ce abin ya fara tun zafi bai wuce ba. Kullum in Kaka ta yi sallar azahar sai ta kishingiɗa, idonta a buɗe rabi, leɓenta yana motsi. Ko an kira ta ba ta amsawa. Sai wajen la'asar ta tashi tana shafa gwiwoyi kamar wadda ta yi doguwar tafiya, ta nemi ruwa ta sha da yawa. An kawo malami ya yi mata rubutu ta sha, ta yi masa godiya, washegari ta koma yadda take.

Na gani da idona. Ranar da ta biyo baya na zauna kusa da ita ina tsince shinkafa. Ƙudaje suna sauka a fuskarta ba ta kore su. Na taɓa tafin ƙafarta, na ji shi da ɗumi sosai, alhali ranar ana iska mai sanyi kowa ya lulluɓa. Da ta farka ta dube ni ta ce, "Ubanki yana cin gurasa busasshiya a tsaye. Namiji in ba mace a gida, haka yake."

Ban da wannan, hutun ya tafi kamar kowane hutu. Mun zaga dangi, an yi mana kisra, wainar nan mai faɗi ta Sudan, da tuwon dawa, yaran Kawu sun cinye biskit ɗin da madam ta ba mu, suna dariyar Hausata mai Larabci. Umma kuwa kullum sai ta sake ɗauko maganar. Ta lallashe ta, ta yi fushi, ta yi kuka. Ta ce, "Inna, don wannan kuka baro gida. Don wannan Baba ya rasu a hanya. Ga teku nan, kwana ɗaya ne."

Kaka ta ce, "Jikin nan ya gaji, 'yar nan. Ki bar shi kusa da ubanki."

Duk da haka Umma ta haɗa mata kaya. Ta wanke zannuwanta, ta ninke, ta ɗaure da carbinta da butar sallarta. Saura kwana kaɗan jirgi ya tashi, Kaka ta yi azahar ta kishingiɗa kamar kullum. La'asar ta yi, aka kira salla, ba ta tashi ba. Umma ta hana kowa taɓa ta. Ta zauna a gefen angarib tana cewa, "Ku bari, ba ta dawo ba tukuna." Sai da rana ta yi ja Kawu ya durƙusa ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri," ya rufe mata ido.

Kusa da kakana aka binne ta. Muka dawo mu biyu da ƙunshin kayanta. Abba yana bakin tsani da sabuwar riga, yana leƙen bayanmu. Da ya ga ƙunshin a hannun Umma, sai ya cire hularsa ya yi salati.

Umma ba ta sake tsallaka teku ba. In Kirsimeti ta zo, su hawaja suka tafi, a gida take zama. Bayan azahar takan shimfiɗa tabarma a inuwar ƙofar ɗakina, ta ajiye kofin ruwa, ta hana mu hayaniya. Ba ta taɓa cewa ta ga wani abu ba, ni ma ban gani ba. Abba ya yi mata magana sau ɗaya, ya ce wannan bai kamata ba. Ta ce masa ruwa ne kawai ta ajiye.

Bayan wasu shekaru, na riga na yi aure, aka ce za a fitar da titi ta kan layinmu. Na zo taya su kwashe kaya. An loda komai a mota, direba yana ta "yalla, yalla," Umma ba ta fito ba. Na koma ciki na same ta tsaye a ɗakin da babu komai sai shatin kaya a ƙasa. Tana magana da ƙarfi, dalla-dalla, yadda ake yi wa tsoho kwatance.

"Inna, mun tashi. Mun koma wajen hanyar Makka. In kin wuce gidan mai, ki yi dama, gida na bayan masallaci, mai koriyar ƙofa."

Ta maimaita sau biyu. Sannan ta gyara lulluɓinta, ta wuce ni, ta hau mota.