Haladu Masinja da Wayar Cikin Gida

Tun kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa Haladu yake masinja a wata ma'aikatar gona a Gumel. Ba karatu, ba rubutu, ƙafarsa ce jarinsa, ita ke ci da iyalinsa. Kullum yana tsakanin ƙofar shugaban ma'aikatar, Alhaji Sajo, da ƙofofin na ƙasa da shi.

Sai ga ɗan kwangila ya ja waya ɗaki-ɗaki, ya dasa wa kowa tarho a tebur, ya ce daga yau aike ya ƙare. Madam Felicia mai buga tafireta ta ja Haladu gefe.

"Baba Haladu, na ji ana maganar rage masinjoji. Ka fara neman abin yi."

Tsoro ya kama shi sosai, don wa zai ɗauki tsoho aiki?

Amma ɗan kwangila bai san mutanen da ya yi wa aiki ba. Washegari Malam Cindo akawu, mai rawar kai, ya danna lambar Alhaji ya ce ina kwana. Alhaji ya kife wayar, ya kira Haladu.

"Yaushe na zama sa'an Cindo, da zai kaɗa mini ƙararrawa? Wa ya sani ma ko yana zaune da takalmi a ƙafa yake gaishe ni?"

Nan take aka kafa doka: ƙarami ba ya buga wa babba sai ya nemi izini. Wa zai kai neman izinin? Haladu. Sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya kwashi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, Malam Cindo na neman izinin bugowa."

"Me yake so?"

"Maganar takin garin Sule Tankarkar ce."

"Ka ce masa sai jibi."

Shi ke nan magana ta ƙare, ba a taɓa wayar ba. Shi kuwa Alhaji, ai girma ya faɗi a ce ya nemi yaransa da yatsansa, sai ya aiki Haladu. Aka ɗinka wa tarhunan riguna don ƙura, baƙi daga Dutse na zuwa ana nuna musu ci gaba, suna gyaɗa kai. Maganar rage masinjoji ta bi ruwa, amma Haladu bai daina kallon tarhon nan kamar macijin da ke barci ba.

Wata damina ya zagaya bayan ofis zai yi alwala, ya ga wayar tarhon a ƙasa, ɓera ya datse ta gida biyu, bakinta har ya yi tsatsa. Ya duba hagu, ya duba dama. Ya sa ƙafar nan tasa ya tura ƙasa ya rufe ta, ya daddanne.

Ta taga Malam Cindo ya leƙo.

"Baba Haladu, je ka nemo mini izinin bugowa."

"To, Malam. In idar da salla tukuna."