Bakaniken da Aka Hana Shi Buɗe Bonet

A layinsu Sifana ake ce masa, don tun yana saurayi ba a raba aljihunsa da sifana. Rabin rayuwarsa a ƙarƙashin motocin mutane ya yi ta, sauran rabin a ƙarƙashin tasa, wata tsohuwa mai tashi sai da turi. Matarsa kan ce ta fi sanin tafin ƙafarsa a kan fuskarsa.

Da bayansa ya fara ciwo, likita ya hana shi kwanciya a kan siminti. Ya bar gareji, ya sayar da tsohuwar, ya je wani kamfani ya ɗauko sabuwa fil, haya ta shekara uku. Duk wata yana biya, kuma biyan bai kai na mai saye da bashi ba. Amma an ƙayyade masa nisan tafiyarsa a shekara, in ya wuce akwai tara, in ya ƙuje fenti akwai tara. Gyara na kamfani ne, shi ko ƙusa ɗaya ba zai kwance ba.

Wannan sharaɗin ne ya fi ba matarsa dariya.

"Malam, yau kura ce aka ba ajiyar nama, aka ɗaure mata baki."

"Ki yi dariyarki. Yaushe rabonki da wankin baƙin mai?"

Ranar sabis yakan sa fararen kaya, ya zauna a ɗakin jira, ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana leƙen masu gyara ta gilashi, yatsunsa na motsi a kan gwiwa.

Da wa'adi ya kusa, kamfani ya ba shi zaɓi: ya biya ragowar darajar motar ta zama tasa, ko ya mayar ya ɗauki wata. Ƙaninsa mai shagon tayoyi ya zo har falo.

"Yaya, saya kawai. Kayan aro ba ya rufe katara. Shekara uku kana zuba kuɗi, ko madubinta ba naka ba ne. Mai saye in ya gama biya ya huta, in ya matsu ya sayar."

"Gaskiyarka," in ji Sifana. "In lissafin shekara goma za a yi, kai ne da riba."

Kuma har ransa yana son ta. Tasa ce fa za ta zama, ya buɗe ta yadda ya ga dama. Matarsa tana ninke kaya, sai ta dubi kwalbar man zafin bayansa da ke kan tebur.

Washegari da safe ya tayar da motar zai kai matarsa kasuwa. Sai ya ɗaga hannu.

"Yi shiru."

"Ban ji komai ba."

"Ni na ji. Ta yi tarin farko."

Wata 'yar ƙara ce can ƙasa, ba ta kai kukan sauro ba. Ya san ta sarai. Bana ƙara, baɗi ɗigon mai, daga nan sai shimfiɗa kwali a shiga ƙarƙashi. Kuma ya san kansa: in tasa ce, ba zai iya kallon wani yana taɓa ta ba. Ya shafa bayansa, ya shafa sitiyari.

A satin ya mayar da ita, ya ɗauko wata.

"Haya kuma, Yaya?" in ji ƙanin. "To me za ka bar wa yara?"

"Uba mai tafiya a miƙe."

Yanzu da rana yana zama a baranda, an ajiye masa tebur daidai ƙirjinsa. Maƙwabta na kawo fanka, dutsen guga, keken ɗinki. Sabuwar motar na gefe a inuwa, bonet a rufe. Wani lokaci idonsa kan tsaya a kanta, sai matarsa ta turo masa wata fankar.

"Ga mara lafiya, Malam. Waccan tana da likitocinta."