Gwaggo Dije da Lambun Ƙofar Durɓi

Duk wanda ya taɓa shiga lambun shaƙatawa na Ƙofar Durɓi ya san Gwaggo Dije, ƙanwar kakana. Kullum da hantsi tana gindin tsamiya da tabarmarta da butarta. A nan ɗakinta yake kafin hukuma ta karɓi tsohon gidan mahaifinta, attajirin fatu, ta mai da shi lambu. Ita dai har ta rasu ba ta yarda gidan ya tashi daga gida ba, kuma gida ba ya zama ba mai karɓar baƙi.

Samari su shigo da rediyonsu, sai ka ji ta: "Kai! Haka aka koya maku shiga gidan mutane? Ku koma ku yi sallama!"

"Gwaggo, ai lambun gwamnati ne."

"Gwamnatin ta taɓa shara a nan?"

Wallahi sai sun koma.

Da sojoji suka sauka daga mulki, sabon ciyaman ya ce a yi baje kolin zane-zane don tunawa da gidan. Wani mai zane ya kawo mata hoton zauren gidan da ya zana ta gani, yana ta washe baki. Ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa.

"Ɗan nan, annoba aka yi?"

"Wace annoba, Gwaggo?"

"To ina mutane? Ina takalma a bakin ƙohwa? Ko akuya babu!"

Ranar buɗewa aka kafa allo: ba a cin abinci a nan. Na karanta mata har sau biyu. Ta ce, "Madalla da karatunka. Ɗauko ƙwaryar." Haka na biyo ta da fura a kai, ni da nake malamin makaranta, ɗalibaina suna kallona. Kunya kamar in nutse!

Mai gadi ya tare mu. Ta ce, "Mi kake tarewa? Ba a taɓa shiga gidanga an hita da yunwa ba." Ana cikin haka sai ga ciyaman da jama'arsa. Na ce a raina yau za a kore ta daga gindin tsamiyar nan gaba ɗaya. Ita kuwa ta miƙa masa ludayi.

"Zamna, ɗana. Jawabin ba gudu zai yi ba."

Mutumin nan ya dubi allo, ya dubi fura, ya tattare babbar riga ya tsuguna. Har ƙari ya nema!

Muka kama hanyar komawa. Sai da muka kusa gida na ga tana share ido da gefen mayafi. Ta ce, "Yau dai gidan Baba ya yi baƙi."

Ina kewarta ƙwarai. Allah ya jiƙan Gwaggo Dije, ya karɓi baƙuncinta kamar yadda ta karɓi namu. Amin.