Kawu Sattar, Mai Kai Amaren Labasa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Talata, 14 ga Mayu, 2024, Allah Ya karɓi ran Kawu Sattar Buksh a gidansa da ke bakin gonakin rake na garin Labasa, bayan doguwar jinyar ciwon zuciya.

Kawu, duk wanda ya san ka ya san baƙar motar nan taka, irin ta manyan mutane, wadda ka saya a hannun wani tsohon manaja. Ta tsufa tun kafin ta zo hannunka. Inji na ɗigar da baƙin mai, farfela na ƙara, in ta hau tudu kuwa sai ta ɗau zafi. Mun sha yi maka tsiya a kanta, kai ko a jikinka. Amma da wuya a kai amarya a yankinmu, Musulma ce ko Hindu ko Kirista, ba a cikinta ba, kuma ba ka taɓa yarda an zuba maka ko mai ba. Tawa matar ma kai ka kawo mini, da jarkar ruwa a gefenka saboda lagireto.

Abu ɗaya ya rage maka: ka kai autarka Nazrin da hannunka. Da likita ya gaya wa matarka, Inna Zubeda, gaskiyar ciwonka, sai aka matso da bikin. Ana cikin shiri giyar motar ta mutu murus. Sakiusa bakanike ya kwance ya ɗaura, ya fito yana girgiza kai. Kayan gyaran sai daga waje, kuma ba za su iso kafin bikin ba.

Ya ce, "Kawu, mu ja motar da taraktar ɗaukar rake mana."

Ka harare shi. "Kai dai ba ka da kunya. 'Yar tawa rake ce?"

Ranar kai amarya aka riƙo ka, aka zaunar da kai a bakin sitiyari, Nazrin a baya. Mu angwayen da ka taɓa kai wa amare, wasu da furfura, wasu da tumbi, muka naɗe hannun riga muka kama turi. Kana leƙowa ta taga kana cewa, "Ku tura mana, ragwaye, matanku sun fi ku ƙarfi." Muna dariya, hawaye na zuba.

Da muka isa ƙofar gidan ango, ba ka iya fitowa ba. Ka juya a hankali ka ce, "Na kawo ki, 'yata. Sauka."

Ranar Talata mu ɗin dai muka ɗauke ka a kafaɗa, shiru, babu mai yi mana tsiya. Wallahi, Kawu, mun yi rashi.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa Aljanna ce masaukinka. Inna Zubeda, Nazrin da sauran iyali, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya ba mu. Amin.