Hankakan Ɗanasabe

Ɗanasabe manomin fadama ne a wani ƙauye na bakin gulbi, ƙasar Maradun. Shi da matarsa Marka Allah bai ba su haihuwa ba. Wata damina iska ta kado ɗan hankaka daga tsamiyar ƙofar gidansu, fiffike a karye. Ya ɗauke shi ya yi masa ɗori da sillen kara, maƙwabta na ta dariya.

Tsuntsun ya warke, ya ƙi tafiya. In aka jefa masa ƙanzo mai tauri, sai ya kai shi kaskon kaji ya jiƙa, ya jira ya yi laushi. Ya ɓoye gyaɗa cikin jinka, in ya lura ana kallonsa ya sake mata wuri. Wanda ya taɓa jifansa kuwa, ko ya sauya riga, sai ya bi shi da tsawa har masallaci.

"Malam, wanga tsuntsu ya hi wasu mutane hankali," in ji Marka.

Sai aikin dam ɗin Bakolori ya zo. Aka kwashe ƙauyen zuwa kan tudu mai tsakuwa, ruwa ya haɗiye gidaje da gonaki da maƙabarta. Ɗanasabe ya kawo hankakan cikin kwando. Kullum da safe tsuntsun ya tashi ya nufi tsohon gari, da yamma ya dawo a gajiye. Marka ba ta ga damina ta biyu a tudun ba. Zazzaɓi ya ɗauke ta. Bayan sadakar bakwai, hankakan ma ya daina dawowa.

Wani masunci, Jibrin, ya ce wa Ɗanasabe, "Baba, na gane shi bisa tsamiyarku. Kanta kaɗai ya rage waje."

Suka shiga kwalekwale. Tun daga nesa hankakan ya gane Ɗanasabe, ya taso ya sauka a gwiwarsa, yana karkata kai yana leƙen cikin jirgin, kamar mai neman Marka. Da Jibrin ya juya jirgi, tsuntsun ya koma kan busasshen reshe.

"In kamo maka shi, Baba?"

"Bar shi, yaro. Shi ya samu wurin sauka."

Ɗanasabe bai sake zuwa bakin ruwan ba. Ya ƙarasa shekarunsa yana gadin gonar tumatir ta wani a Talata Mafara.